Barde a Bakin Mawaƙi: Labaran Baraden Turai a Cikin Kiɗa da Opera

BABI NA UKU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan barde na haƙiƙa, wato mayaƙin nan na bisa doki wanda ya riƙe ƙasa a ƙarƙashin ubangidansa a Turai, da irin sulkensa da kwalkwalinsa, da kuma mubaya'ar da ke tsakaninsa da sarki. A wannan babi kuwa za a dubi barden labari ne, da yadda makaɗan Turai suka ɗauko shi daga littafi suka ɗora shi a kan dandamali. Abin da ake nufi da opera a nan shi ne wasan kwaikwayo wanda ake rera maganganunsa, ayarin makaɗa na raka 'yan wasa tun daga farko har ƙarshe.

Akwai abin lura tun kafin a yi nisa. Opera ta kunno kai ne a birnin Florence na Italiya a wajejen shekarar 1600, a lokacin kuwa bindiga da igwa da sojan haya sun riga sun kori barde daga fagen fama. Ke nan babu ko ɗaya daga cikin masu tsara kiɗan da za a ambata wanda ya taɓa ganin barde irin na labari a bakin daga. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: me kowane zamani ya nema a jikin wannan barde, har ya yi ta kashe dukiya mai yawa wajen raya shi da kiɗa?

3.1 Tushen Labaran

Labaran da makaɗa suka ɗiba sun kwararo ne daga manyan maɓuɓɓuga uku. Ta farko ita ce ta Sarki Sharlaman da baradensa, wadda ginshiƙinta shi ne Waƙar Roland ta wajejen shekarar 1100. Tarihi ya nuna a shekarar 778 mutanen Basque ne suka yi wa ƙarshen rundunar Sharlaman kwanton ɓauna a mashigar Roncevaux, amma da mawaƙi ya tashi, sai ya mayar da maharan Musulmi, ya kuma kambama yawansu. Tun daga nan ake iya ganin cewa labarin barde da tarihin barde ba hanyarsu ɗaya ba.

Ta biyu ita ce ta Sarki Arthur na Birtaniya, wadda Chrétien de Troyes ya ƙawata da Faransanci a ƙarshen ƙarni na 12. Ta uku kuwa ta Jamusawa ce, waɗanda suka ari labaran Faransa suka yi musu sabuwar riga. A nan ne ake samun Parzival na Wolfram von Eschenbach da Tristan na Gottfried von Strassburg, dukkansu na farkon ƙarni na 13.

Sai dai makaɗan farko ba waɗannan tsofaffin waƙoƙi suka karanta ba. Littattafai biyu na mawaƙan fadar Ferrara ne suka zame musu rumbu: Orlando furioso na Ariosto, wanda ya fara fita a 1516 ya kuma kammala a 1532, da Gerusalemme liberata na Tasso na 1581. Duka biyun an rubuta su ne a inuwar gidan sarautar Este, kuma kowannensu ya ba wa wannan gida kaka barde: Ruggiero a wurin Ariosto, Rinaldo a wurin Tasso. Duk wanda ya san aikin makaɗan fada wajen jero asalin ubangidansu, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

3.2 Monteverdi da Faɗan Dare

A lokacin bukukuwan da ke gabatar azumin Kirista na shekarar 1624, Claudio Monteverdi ya gabatar da wani ɗan gajeren wasa a gidan Girolamo Mocenigo, ɗaya daga cikin manyan birnin Fenis. Sunansa Combattimento di Tancredi e Clorinda, wato Karon Tancredi da Clorinda, kuma tsawonsa bai wuce kamar minti 20 ba. Muryoyi uku ne kawai a ciki: mai ba da labari da mayaƙan biyu. Duk da ƙanƙantarsa, wajibi ne a tsaya a kansa, domin a nan ne aka fara koya wa kayan kiɗa yin yaƙi.

Daga Tasso aka ɗauko labarin. Tancredi barde ne a rundunar Kiristocin da suka kewaye birnin Ƙudus, yana kuma son Clorinda, jarumar da ke yaƙi a ɓangaren Musulmi. Wata rana da dare ta fito cikin sulken da ba a san ta da shi ba, ta cinna wa hasumiyar katakon maharan wuta, aka rufe ƙofar gari ta rage a waje. Tancredi ya bi ta yana zaton namiji ne, suka kwana suna sara, da gari ya waye ya soke ta. Ta roƙe shi ya yi mata baftisma, da ya cire kwalkwalinta sai ya ga fuskar wadda yake so.

Don ya nuna wannan, Monteverdi ya sa masu gogen Turawa su riƙa kwaikwayon sukuwar doki, su kuma riƙa fizgar tsirkiya da yatsu a wurin da takubba ke haɗuwa. Ya kuma shigo da salon maimaita sauti ɗaya da sauri, har sau 16 a cikin gaɓa guda, don nuna fushi. A gabatarwar da ya yi wa littafin da aka buga wasan a ciki a 1638, ya faɗi cewa da farko makaɗa sun ɗauki wannan maimaitawa abin dariya, sannan ya ce 'yan kallo sun kusa zubar da hawaye.

Idan aka ajiye labarin kusa da tarihi sai a ga tazara. Tancredi mutum ne da ya rayu, Banorme ne daga kudancin Italiya, ya halarci cin birnin Ƙudus a watan Yuli na 1099, ya rasu a 1112. Ruwayoyin Kiristocin da suka halarta da kansu sun tabbatar da kisan gilla da aka yi wa Musulmin birnin, har da waɗanda suka fake a saman masallacin Aƙsa bayan Tancredi ya ba su tutarsa alamar amana. Babu wannan a cikin wasan. Clorinda kuwa ƙagaggiya ce, kuma Tasso ya yi dabarar mayar da ita ɗiyar sarkin Habasha Kirista, wadda aka haifa fara alhali iyayenta baƙaƙe ne, wani bawa ya rene ta a cikin Musulmi. Ma'ana, jarumar da ta fi kowa mutunci a ɓangaren abokan gaba, ashe tun asali ba tasu ba ce. Tasso ya buga littafinsa shekara 10 bayan yaƙin ruwa na Lepanto na 1571 tsakanin Turawa da Daular Usmaniyya, don haka masu sauraro a Fenis sun san waɗanda ake nufi.

Shekara ɗaya bayan wannan, wato a 1625, Francesca Caccini ta tsara wa fadar Florence wasa a kan kuɓutar da Ruggiero daga tsibirin matsafiya Alcina, don karrama yariman Polan da ya kawo ziyara. Shi ne ake ɗauka opera ta farko da mace ta tsara.

3.3 Fadar Faransa da Kasuwar Landan

A Faransa barde ya zama bawan sarki. Jean-Baptiste Lully da marubucinsa Philippe Quinault sun shafe shekaru suna ɗiban tatsuniyoyin Girkawa, sai a ƙarshe suka juya ga barade har sau uku a jere: Amadis a 1684, Roland a 1685, da Armide a 1686. Sarki Louis na 14 ne da kansa ya zaɓi labaran, kuma kowane wasa yakan buɗe da shimfiɗa wadda ba ta da wani aiki sai yabon sarki. Darasin kusan ɗaya ne: barde ya bar mace ya koma ga ɗaukaka da aikin ubangidansa. A Roland, jarumin ya haukace don Angélique ta zaɓi wani ƙaramin soja Musulmi ta ƙyale shi, sai da aka dawo masa da hankalinsa aka miƙa masa makamansa. Amma Armide ta ƙi bin wannan tsari sosai. Matsafiya ce daga gidan sarautar Dimashƙa, ta ɗaga wuƙa za ta kashe Renaud yana barci, so ya hana ta. A ƙarshe ya tafi ya bar ta, ta rushe fadarta. Kiɗan da ya fi ratsa jiki duk a bakinta Lully ya sa shi, har ya zama barden da ya yi abin da ya dace shi ne ba a tunawa da shi. Matanin Quinault ya yi ƙarko, domin Gluck ya sake ɗora masa sabon kiɗa a birnin Faris a 1777.

Landan kuwa kasuwa ce ke da iko, domin masu sayen tikiti ne ke riƙe da gidan wasa. A 1691 Henry Purcell ya yi wa King Arthur na John Dryden kiɗa, amma Arthur ɗin ciki ba shi da teburin barade, sarki ne kawai da ke yaƙi da Saksonawa a kan wata makauniyar budurwa. Abin da ya girgiza birnin shi ne Rinaldo na Handel, wanda aka fara a ranar 24 ga Fabrairu, 1711, marubucin kiɗan yana ɗan shekara 26. Ita ce opera ta farko da aka tsara da Italiyanci musamman don Landan. An cika dandamali da dodanni masu aman wuta, aka saki tsuntsaye masu rai a lambun Armida, abin da ya sa Joseph Addison ya yi wa wasan ba'a a jaridar Spectator. Wanda ya fito a matsayin gwarzon yaƙin kuwa Nicolini ne, ɗaya daga cikin babannin Italiya da ake fiɗiyewa tun suna yara don muryarsu ta tsaya sama. Mai karatu na yau zai yi mamakin jin barde da siririyar murya, amma a wancan zamani muryar sama ita ce alamar girma. A ƙarshen wasan na 1711 an ci Ƙudus, Armida ta karya sandar tsafinta, ita da sarkin birnin suka shiga addinin Kirista.

Handel ya koma ga Ariosto a Orlando ta 1733, da Ariodante da Alcina na 1735. Vivaldi da Haydn da Rossini duk sun sha daga wannan rijiya, kuma a 1904 ma aka fara gabatar da Armida ta Dvořák a birnin Prague. Ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba, domin fasalin bai canja ba: barde ya ɓata a hannun mace ta Gabas, abokai su je su nuna masa fuskarsa, ya ji kunya ya koma sansani.

3.4 Wagner da Neman Asalin Jamus

Da shigowar ƙarni na 19 sai al'amari ya sauya. Yaƙe-yaƙen Napoleon sun kawo ƙarshen tsohuwar daular Jamusawa a 1806, kuma tsarin 1815 ya bar su a rarrabe cikin ƙasashe fiye da 30. Masu ilmi suka shiga tono tsofaffin rubuce-rubuce suna neman abin da ya haɗa su, misali Karl Lachmann wanda ya fitar da ayyukan Wolfram a 1833. Barde ya tashi daga abin ado na fada ya zama shaidar asalin al'umma. Weber ya gwada da Euryanthe a 1823, Schumann da Genoveva a 1850, amma wanda ya mallake fagen shi ne Richard Wagner, haifaffen Leipzig a 1813.

Wagner ya bambanta da magabatansa ta fuska biyu. Shi yake rubuta matanin waƙarsa da kansa, kuma tsofaffin waƙoƙin ƙarni na 13 yake komawa kai tsaye. A Tannhäuser, wadda aka fara a Dresden ranar 19 ga Oktoba, 1845, ya haɗa labarai biyu da ba su da dangantaka a da: na barde mawaƙi da ya zauna a kogon gunkiya Venus, da na gasar mawaƙa a gidan sarauta na Wartburg. Har Wolfram kansa ya shigar cikin 'yan wasa. A bazarar wannan shekara, yana hutun jinya a Marienbad, ya karanta Parzival da labarin Lohengrin, kuma abin da ya shuka a wannan hutu ya yi ta girbinsa har ƙarshen ransa.

Lohengrin labari ne na Elsa, ɗiyar sarautar Brabant, wadda aka zarga da kashe ƙanenta. Aka yanke a raba gardama da takobi, sai ga wani barde cikin kwalekwale, farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya na jan sa. Ya yarda ya tsaya mata ya kuma aure ta, bisa sharaɗin kada ta taɓa tambayar sunansa ko asalinsa. Maƙiya suka yi ta zuga ta, a daren aure ta tambaya, dole ya faɗa ya tafi. Wagner ya kewaye wannan tatsuniya da tarihi na gaske, domin ya shigo da Sarki Henry na ƙarni na 10 yana tara runduna don yaƙar Hangariyawa, yana kiran Jamusawa su haɗa kai. An kammala wasan a 1848, shekarar juyin juya hali. A watan Mayu na 1849 Wagner ya shiga boren Dresden, aka ba da sammacin kama shi, ya gudu Zurich. Franz Liszt ne ya jagoranci wasan a Weimar ranar 28 ga Agusta, 1850, mai shi kuwa bai ji shi cikakke ba sai a 1861 a Biyana. Daga cikinsa ne aka samo kiɗan rakiyar amarya da ake ji a majami'u da yawa a duniya, ko da yake auren da aka tsara wa kiɗan bai kwana ba.

Tristan und Isolde ita ce ta fi nisa da barden da aka saba. Waƙar Gottfried ta kusa layi 20,000, cike da yaƙin dodo da makirce-makircen fada. Wagner ya zubar da kusan dukkansu, ya bar fage uku: jirgin ruwan da Tristan ke kai wa kawunsa Sarki Marke amarya, inda suka sha maganin so suna zaton guba ce, lambun da aka kama su da dare, da kuma kangon gidan da Tristan ke jinya yana jiran ta. Da lokacin faɗa ya zo, jarumin sakin takobinsa ya yi aka soke shi. Amanar da ke tsakanin barde da ubangidansa, wadda ita ce ƙashin bayan dukkan tsarin, an ci ta, kuma kiɗan na bayan masu cin amanar. A nan tasirin falsafar Schopenhauer, wadda Wagner ya karanta a 1854, ya fito fili, haka ma shaƙuwarsa da Mathilde Wesendonck, matar attajirin da ya ba shi masauki.

Ta fuskar kiɗa, wasan ya buɗe da wani haɗin sautuka wanda kunne ke jiran a sauke shi, amma ba a sauke ba. Ana ta ɗaga shi daga wannan gaɓa zuwa waccan har kusan awa huɗu, sai Isolde ta mutu a kan gawar Tristan sannan kiɗan ya sami mazauni. Masana kiɗa da dama na ɗaukar wannan a matsayin mafarin rushewar tsohon tsarin sautin Turai. An gama tsara shi a 1859, gidan wasa na Biyana ya yi gwaji fiye da 70 sannan ya haƙura, aka fara cewa ba ya reruwa.

Wanda ya cece shi yaro ne. Ludwig na 2 ya ga Lohengrin a 1861 yana ɗan shekara 15, ya hau gadon Bavaria a 1864 yana ɗan 18, nan da nan ya aika a nemo Wagner, ya biya masa basussuka. Aka yi Tristan a Munik ranar 10 ga Yuni, 1865, Hans von Bülow na jagorancin makaɗa, alhali wata biyu kafin nan matarsa Cosima ta haifa wa Wagner ɗiya aka sa mata suna Isolde. Mawaƙin da ya fito a Tristan, Ludwig Schnorr, ya rasu 'yan makonni bayan haka yana ɗan shekara 29. A Disamba na wannan shekara fadawa suka tilasta wa sarki ya sallami Wagner daga Munik. Sarkin dai bai warke ba, domin a 1869 ya soma gina fadar Neuschwanstein a kan dutse, aka zane bangayenta da labaran Tannhäuser da Lohengrin da Parzival. A da sarki ne ke sa makaɗi ya siffanta shi da barde, yanzu kuwa sarki ne ke gina gida don ya yi kama da dandamalin makaɗi.

3.5 Parsifal da Abin da Aka Cire

Parsifal, aikin Wagner na ƙarshe, an fara shi ne ranar 26 ga Yuli, 1882, a gidan wasan da ya gina wa kansa a Bayreuth. Barade ne masu tsaron ƙoƙon da, a aƙidar Kirista, aka tari jinin Almasihu a ciki. Sarkinsu Amfortas ya faɗa tarkon mace, matsafi Klingsor ya ƙwace mashi mai tsarki ya yi masa raunin da ba ya warkewa. Ba jarumi ake jira ba, wawa ake jira mai tsarkin zuciya wanda tausayi zai sanar da shi. Parsifal ya ƙi sha'awa, ya karɓo mashin, ya taɓa raunin da shi, ya gaji sarauta.

Idan aka kwatanta da Wolfram, abin da aka cire ya fi abin da aka bari ba da haske. A wurin Wolfram, mahaifin Parzival ya yi wa halifan Bagadaza aikin soja, ya auri baƙar sarauniya Belakane, ta haifa masa ɗa mai suna Feirefiz, wanda fatarsa ke da dabbare-dabbaren fari da baƙi. 'Yan'uwan biyu sun gwabza ba su san juna ba, takobin Parzival ya karye, Feirefiz ya jefar da nasa don ba ya sarar wanda ba shi da makami. Gaskiya ne daga baya an yi masa baftisma, amma mawaƙin ƙarni na 13 ya yarda cewa barden da ya kai jaruminsa ƙarfi da karamci ɗan Afirka ne ta wajen uwa, kuma jininsu ɗaya. Wolfram ya ma ce a Toledo aka tsinci asalin labarin, cikin wani rubutu da masana ke ɗauka Larabci yake nufi. Wagner ya share Feirefiz baki ɗaya. A bayanin fagen wasansa ya ajiye gidan barade a duwatsun arewacin Sifen ta Kiristoci, gidan matsafi kuwa a gangaren kudu yana fuskantar Andalus ta Larabawa. Ana iya cewa gajarta labari ce ta sa, domin waƙar Wolfram ta kusa layi 25,000. Amma mutumin da ya buga maƙalar sukar Yahudawa a harkar kiɗa a 1850, ya kuma sake buga ta da sunansa a 1869, ba za a ce zancen tsarkin jini ya shiga wasansa bisa kuskure ba. Duk da haka Hermann Levi, ɗan malamin Yahudawa, shi ya jagoranci makaɗan a 1882, domin su makaɗan fadar Munik ne kuma shi ne shugabansu.

Wagner ya rasu a Fenis ranar 13 ga Fabrairu, 1883, ya bar wasiyyar kada a yi Parsifal a ko'ina sai Bayreuth. Gidan opera na Metropolitan a New York ya karya wannan a 1903, Cosima ta kai ƙara ba ta yi nasara ba. Da haƙƙin mallaka ya ƙare a ƙarshen 1913, gidan Liceu na Barcelona ya fara wasan tun a daren 31 ga Disamba.

Barden da ke zuwa daga wani wuri don ya ceci al'umma, wanda kuma ba a yarda a tambaye shi ba, siffa ce mai haɗari a hannun ɗan siyasa. Hitler ya rubuta cewa Lohengrin ce opera ta farko da ya gani, a Linz, yana ɗan shekara 12, kuma a shekarun 1930 an yayata wani zane da ya nuna shi bisa doki cikin sulke riƙe da tuta. Bayreuth ta zama dandalin gwamnatinsa a ƙarƙashin Winifred Wagner. Da aka sake buɗe ta a 1951, Wieland, jikan Wagner, ya gabatar da Parsifal a kan dandamali kusan fayau, ba gandun daji ba gidan sarauta, sai haske da duhu.

3.6 Bayan Wagner

Faransawa sun so su ƙwato labaransu. Ernest Chausson ya yi kusan shekara 10 yana fama da Le roi Arthus, yana kokawa da inuwar Tristan, ya rasu a haɗarin keke a 1899, sai a 1903 aka yi wasan a Brussels. A Rasha kuwa tun a 1868 Rimsky-Korsakov ya tsara kiɗa mai suna Antar, da sunan Antara ɗan Shaddad, barden nan mawaƙi wanda masu karatun waƙoƙin Jahiliyya a zaurukan ƙasar Hausa suka sani. Sai dai labarin da ya bi ƙagen wani marubuci ne mai suna Senkovsky, inda aka kai Antar kangon Tadmur aka haɗa shi da aljana.

Wasu kuma suka ga barde ya isa a yi masa dariya, suka koma ga Cervantes, wanda tun 1605 ya yi wa masu haukan littattafan barade ba'a. A Don Quixote na Richard Strauss, wanda aka fara kaɗawa a Cologne a 1898, babu mai rera komai. Babban goge ne ke wakiltar tsohon barde, matsakaicin goge na wakiltar baransa, kuma rundunar da ya far wa garken tumaki ne, waɗanda ƙahonin tagulla ke kwaikwayon kukansu. Massenet ya kai labarin dandamali a Monte Carlo a 1910, shekara huɗu kafin bindiga mai sarrafa kanta ta gama da sojan doki a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Labaran dai ba su mutu ba. Harrison Birtwistle ya gabatar da Gawain a Landan a 1991. A shekarar 2000 kuma aka fara L'amour de loin ta Kaija Saariaho, 'yar ƙasar Finland, a Salzburg. Labarin Jaufré Rudel ne, basaraken kudancin Faransa kuma mawaƙi na ƙarni na 12, wanda ya kamu da son wata gimbiyar Tarabulus ta Sham ba tare da ya taɓa ganinta ba. Ya hau teku zuwa gare ta, ciwo ya kama shi a hanya, ya cika a hannunta. Babu yaƙi ko ɗaya a cikin wasan, kuma gimbiyar ita ma baƙuwa ce a Gabas, tana begen ƙasar da aka raba ta da ita tun tana yarinya. Wanda ya rubuta matanin shi ne Amin Maalouf, haifaffen Beirut, wanda a 1983 ya wallafa littafi a kan Yaƙe-yaƙen Salibiyya kamar yadda marubutan Larabawa suka ruwaito su. Gidan Metropolitan ya gabatar da wasan a 2016, kuma ita ce opera ta farko ta mace da aka yi a can tun 1903.